Yadda jiki ke riƙe sukarin jini a ma'auni

Duk sukarin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kusan cikin ƙaramin cokali a jini lita 5. Ko an ƙoshi ko an kwana da yunwa, ma'aunin ba ya nisa da mazauninsa, wato miligiram 70 zuwa 99 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) bayan awa 8 ba a ci komai ba. Irin wannan daidaito ne masani ɗan Amurka Walter Cannon ya raɗa wa suna homiyostasis a 1926.

Sirrin shi ne sakamakon aiki yakan koma ya tsayar da mai ba da umarni. Da an ci abinci sukari ya hau, sai ƙwayoyin beta na fankiriyas, gaɓar da ke kwance bayan tumbi, su saki sinadarin insulin. Insulin ya sa tsoka da kitse su ɗebi sukari, hanta kuma ta adana nata a matsayin gilaikojin, kusan giram 100. Sukari na sauka, ƙwayoyin na rage insulin da kansu. In ya sauka da yawa, ƙwayoyin alfa na fankiriyas su saki sinadarin gulukagon, wanda ke sa hanta ta buɗe rumbunta.

Ciwon sukari tsinkewar wannan zagayen ne. A nau'i na 1 garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin beta. A na 2 insulin na nan, amma jiki ya daina jin kiransa sosai. Idan ma'auni ya haura kusan 180, ƙoda ba ta iya tare sukarin, sai ya bi fitsari yana jan ruwa. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa suke fitowa.

Wurin da nake so a fi lura shi ne allura. Insulin na allura ba ya jin saƙon "ya isa". Aikinsa yake yi, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda ya yi allura ya tsallake abinci, ko ya yi aikin ƙarfi, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70: karkarwa, gumi, bugun zuciya, sannan ruɗewa, domin ƙwaƙwalwa da sukari take aiki. A ba shi giram 15 na sukari, a jira minti 15, a sake aunawa, a maimaita in bai hau ba. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki don kar ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti.