Hoton da na goge daga guruf ɗin gidanmu

Ina gyara wa wata tsohuwa matashin kai a gidan kula da tsofaffi da nake aiki a Bradford, sai talabijin ya nuna Kemi Badenoch ta zama shugabar jam'iyyar Conservative. Farkon Nuwamban 2024 ke nan. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙar mace, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, a kan jam'iyyar da ta mulki Birtaniya shekara 14 a jere! Ina tashi aiki na mayar da hotonta hoton guruf ɗin gidanmu na WhatsApp, na rubuta "tamu ce". A wurin aiki ma duk wanda ya tsaya na faɗa masa ƙasarmu ɗaya.

Wata guda da 'yan kwanaki, muna hutun shan shayi, wata abokiyar aikina Baturiya ta miƙo mini wayarta. Hira ce Kemi ta yi da wata mujalla, ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, can inda Boko Haram take. Matar ta dubi hijabina, ta tambaye ni a hankali, ba da mugunta ba: "Ke ba daga arewan kika ce kin fito ba?" Mu biyar ne a ɗakin. Bakina ya mutu murus, shayin ya huce a hannuna.

Me zan ce mata? Yayana yana cikin sahu a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014, lokacin da aka tayar da bama-bamai aka buɗe wa masallata wuta. Ya rayu, amma har yau kunnensa na hagu ba ya ji. Mu aka kashe wa mutane, mu aka ƙona wa kasuwanni, sai ga shi an tattara mu da makasanmu a buhu ɗaya. Kuma jam'iyyar ba ta ga abin gyara a maganar ba.

Daga baya na gane ai halin gidan ne. Boris Johnson ya kwatanta mata masu niƙabi da akwatin aika wasiƙa a 2018, shekara na zagayowa suka ba shi firaminista. Attajirin nan Frank Hester, wanda ya ba su fam miliyan 10, an fallasa a 2024 cewa ya taɓa cewa ganin 'yar majalisa Diane Abbott yana sa mutum ya ji yana son tsanar duk baƙaƙen mata. Suka yi ta jan ƙafa kafin su kira maganar wariyar launin fata, kuɗin kuwa ba su mayar ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokarsu ta 11 ga Maris 2024, wadda ta hana masu bizar kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. Takarduna sun fito bayan ranar da 'yan makonni. 'Yan jam'iyyar Leba da suka karɓi mulki ma ba su cire ta ba. Ni ce mai wanka da ciyar da iyayen wasu, ina kuma yi da zuciya ɗaya, har tsofaffin kan nemi a kira musu ni. Nawa 'ya'yan biyu suna Gwammaja a hannun Hajiya, maigidana yana kai da kawo tsakanin shagonsa da makarantarsu.

A daren ranar da aka nuna mini hirar na goge hoton. Yaya ya lura, ya kira ni ya ce, "Ƙanwata, ki bar sa wa ranki damuwa, aikinki kika je yi." Sai Hajiya ta karɓi wayar, tana faɗa mini ƙaramar ta kai izu biyu, za a yi mata 'yar sadaka ran Alhamis, ta riga ta sayi gero. Ta ce in turo awon kafaɗata, tela zai ɗinka mini atamfa irin tasu ko da ba na nan.