Kundin da na hana 'yar ƙanwata

Ranar Asabar da ta wuce 'yar ƙanwata ta zo gidana bayan la'asar. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sha ruwa, sannan ta faɗi abin da ke tafe da ita. Tana aji huɗu a sashen Turanci, kuma an amince mata da batun kundin digirinta: ƙaddara a cikin littafin Tess of the d'Urbervilles na marubucin Ingila Thomas Hardy. Uwarta ce ta gaya mata ni ma a kan Hardy na rubuta nawa, shi ne take so in ara mata ta duba tsari. Na tambaye ta ina ta kai. Ta ce, "Kawu, ai na gama babi na ɗaya da na biyu." Na ce ba babin kundi nake tambaya ba, littafin Hardy nake nufi. Sai ta sunkuyar da kai tana murza waya. Ashe taƙaitawa uku ta karanta a intanet, ta kalli rabin fim.

Na yi mata faɗa fiye da kima, kuma na hana ta kundin. Daren nan ban runtsa ba, don abin da na yi mata faɗa a kai ni na riga ta aikata shi, shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Nawa kundin ma a kan ƙaddara ne. Littattafai uku na ce na nazarta: Tess, da The Mayor of Casterbridge, da Jude the Obscure. Tess kaɗai na karanta, shi ma da tsallake. Sauran biyun daga ƙananan littattafan sharhi na kwaso su, irin waɗanda ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta. Tun kafin in buɗe shafi ɗaya na riga na yanke hukunci cewa Hardy mutum ne mai baƙin gani, wanda a wurinsa ɗan Adam kara ne a bakin ambaliya. Abin da ya rage mini kawai in tsinto jimlolin da za su tabbatar da haka. Na tsinto, na jera, aka ba ni maki mai kyau.

Ina da uzuri, kuma har yau ina ganin ba na banza ba ne. Kwafi ɗaya na Jude gare mu a laburare, wani ya ɗauka bai mayar ba. Ina da aure da ɗiya, ina koyarwa da yamma don a ɗora tukunya. Malamin da ke duba aikina ɗalibai sun yi masa yawa, sau uku kacal muka zauna da shi. Mai neman na cefane ba shi da lokacin shafi ɗari huɗu na Turancin 'yan ƙauyen Dorset, yankin su Hardy a Ingila. Haka na riƙa gaya wa kaina. Sai dai na san a shekarar ban fasa zaman majalisa ko dare ɗaya ba, kuma akwai abokin karatuna da ya mallaki Jude, girman kai ne ya hana ni ara.

Babban kuskuren da ke cikin kundin shi ne kalmar ƙaddara kanta. Na ɗauki ƙaddarar da muka sani, hukuncin Ubangiji Mai hikima da sani, na jingina wa mutumin da ba ita yake nufi ba. Abin da Hardy yake kwatantawa wani ƙarfi ne makaho, wanda bai san da mutum ba balle ya tausaya masa ko ya ƙi shi. Waɗannan abubuwa biyu ba su ko haɗa hanya ba, amma na cakuɗa su shafi bayan shafi. Shi kansa Hardy ya sha ƙin a kira shi mai baƙin gani, yana cewa yana da fatan gyaruwar duniya in har an yarda a dubi mugun abu ido da ido.

Kuma da na karanta Tess da natsuwa da na ga yawancin masifarta da hannun mutane a ciki. Ubanta ya bugu bai iya kai amyar zuma kasuwa ba, ita ta tafi da dare, keken wasiƙu ya soke dokinsu ya mutu. Rashin dokin nan ne ya tura ta neman taimako gidan Alec, ɗan masu kuɗin da ya ɓata mata rayuwa. Angel, mijin da ta aura daga baya, ya faɗa mata nasa laifin a daren aurensu ta yafe, ta faɗi nata ya guje ta ya tafi Birazil. Da ubanta ya rasu aka tashe su daga gida, saboda hayar gidan da ransa aka ƙulla ta. Talauci ne, da giya, da dokar haya, da namijin da yake auna kansa da mudu ɗaya ya auna mace da wani. Eh, akwai wasiƙar da ta rubuta wa Angel kafin auren tana faɗa masa sirrinta, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa ta shige ƙasan darduma, ita kuwa tsautsayi ce tsantsa. A kanta na gina babi guda, na bar duk sauran.

Sai bayan wajen shekara takwas na karanta The Mayor of Casterbridge, shi ma don dole, an ba ni aji in koyar. Na fara da dare ina gyangyaɗi, kafin in ankara an kira assalatu. Littafin nan na 1886 labarin ɗan kasuwar hatsi ne. Kowa ya san farkonsa, inda Henchard ya bugu ya yi gwanjon matarsa a kan gini biyar (kuɗin Ingila na da), ya wayi gari ya rantse ba zai ƙara sha ba sai bayan shekara 21. Abin da littattafan sharhina ba su damu da shi ba shi ne hatsin. Henchard yana riƙe lissafi a ka, yana ciniki da baki. Ma'aikacinsa Farfrae ya zo da littafin lissafi da ma'auni da injin shuka. Da gaba ta shiga tsakaninsu Henchard ya je wurin wani mai duban yanayi, aka ce masa ruwa zai ɓata girbi. Ya saye hatsi ya cika sito. Sai gari ya washe, farashi ya faɗi, ya sayar a kan asara, bayan ya sayar kuma ruwan ya sauko.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, hatsi ya sayar duk rayuwarsa, ya ƙare a Dawanau. Na ga shekarar da ya tara gero da kaka yana jiran bazara, farashi ya ƙi tashi, ya wuni a zaure ba ya magana da kowa. Na ga yaron da ya raina da hannunsa ya buɗe nasa sito ya fi shi. Da na ba shi labarin Henchard da Hausa, da ya fassara mini shi fiye da duk wani littafin sharhi. Lokacin da nake rubuta kundin yana raye, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Lokacin da na karanta littafin ya shekara biyu a kabari. Wannan asarar ce ba ta da magani, kuma ita nake so yarinyar nan ta gane, na kasa faɗa mata sai tsawa.

Waƙoƙinsa kuwa ko sau ɗaya ban ambace su a kundin ba, don ban san da su ba. Mutumin da aka haifa a 1840, ɗan magini, ya koyi zanen gine-gine, ya fitar da ƙagaggun labarai 14. Bayan surutun da ya biyo bayan Jude a 1895, har wani bishof ya ce ya jefa littafin a wuta, sai ya ajiye labari ya koma waƙa, wadda dama ita ce a ransa. Daga 1898 har ya rasu a 1928 waƙa yake fitarwa, sama da ɗari tara. Shekara talatin na aikin mutum, ni kuma na kira kaina manazarcinsa. Matarsa ta farko, Emma, sun daɗe ba sa jituwa, har ta koma ɗakin can saman bene ita kaɗai. Ta rasu a Nuwamba 1912. Tsoho ɗan shekara 72 ya tashi ya koma gaɓar tekun Cornwall inda suka fara haɗuwa a 1870, yana bin wuraren da suka taka, yana rubuta mata waƙoƙin da bai yi mata ba tana raye. Na karanta su bayan na binne uwar 'ya'yana. Ba zan ce komai a kan wannan ba.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma, ku da ke shirin ɗaukar Hardy ko wani marubucin zamanin Sarauniya Biktoriya. Da na fara sai na ga ba su kai ba.

Ku karanta littafin. Daga bango zuwa bango, da biro a hannu, kafin ku kai wa malami batu. In littafi bai ba ku tambaya da kansa ba, ba ku da batu. Kada ku ce mini ba lokaci. Ina ganinku kuna bin fim mai kashi ɗari biyu ba ku tsallake ko ɗaya, kun haddace sunan kowace kishiya a ciki. Littattafan Hardy duk suna intanet kyauta, abin da mu muka yi ta bara a kai. Kuna riƙe da laburare a tafin hannu kuna neman wanda zai tauna muku ya zuba muku a baki. Yanzu har na'ura kuke sa wa ta rubuta muku, ku ko karantawa ba ku yi kafin ku kai.

Ku nisanci masu sharhi. Su ne suka cuce ni, ko in ce ni na cuci kaina da su. To amma ba zan ce ku bar su sam ba, don rashin su ma ya kunyata ni. Akwai tarihin rayuwar Hardy da ya fito a 1928 da 1930 da sunan matarsa ta biyu, Florence. Na kafa hujja da shi a matsayin shaidar mace a kan mijinta, alhali manazarta sun daɗe da gano cewa shi ne ya rubuta mafi yawansa da kansa. Kuma sai a wurinsu za ku ji cewa lokacin da ake buga Tess kashi-kashi a mujalla a 1891, an sa Hardy ya sauya wurin da Angel ya ɗauki 'yan mata masu tatsar nono a hannu ya ƙetarar da su ruwa, aka mayar da shi yana tura su a baro, don kada masu karatu su ce an yi rashin kunya. Wanda bai san wannan ba bai san irin takunkumin da mutumin ya yi rubutu a cikinsa ba. Ku karanta su, amma daga baya.

Kuma ku shiga littafin da abin da kuka sani. Hardy ya ce Tess harshe biyu gare ta, na ƙauye a gida, Turancin makaranta a waje. Wa ya fi mu sanin wannan? Jude mai sassaƙar dutse ya koya wa kansa Latin da Girkanci, ya rubuta wa manyan jami'a yana neman shiga, aka amsa masa ya tsaya a sana'arsa. Kowace unguwa tana da irinsa. Sai dai kada ku mai da Dorset Kano. Coci ne, da dokar auren Ingila, da ajin masu ƙasa, dole ku koye su yadda suke.

In kuwa kun karanta shafi ɗari ba ku ji komai ba, ku bar shi. Waƙoƙin Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu suna nan, ba a gama da su ba. Ko da yake shafi ɗari ya yi kaɗan, Hardy ba ya saurin kama mutum. Ku kai ƙarshe tukuna.

Jiya ƙanwata ta bugo waya tana cewa, "Yaya, yarinya ta zo neman taimako ka koro ta da kuka." Na ce ban kore ta ba. Na aika wa yarinyar da kwafina na Tess, wanda na cika gefensa da rubutu a karatu na uku. Na ce ta zo Asabar mai zuwa ta karanta har mutuwar dokin, mu zauna a kai. Sati biyar ya rage mata ta miƙa aiki, na kuma ce duk Asabar ƙofata a buɗe take. Kundin nawa yana ƙasan akwati, ba zan ba ta ba.