Abin da rampa da injekta ke koya wa makaniki

Kuskuren da ya fi tsada a aikin kwance rampa da mayar da ita (bututun da ke raba isansi ga injektoci, masu fesa shi cikin inji) ƙarami ne a ido: zoben robar nan da ke kan injekta, wanda muke ce wa juwan. A garajojin Tahoua an saba mayar da tsoho, ko a tura sabo a bushe. Juwan da ya shekara cikin zafin inji ya taurare, ba ya sake kamawa. Sabo kuwa idan ya shiga a bushe, bakin rampa yana yankar gefensa ko ya murɗe shi, ido bai gani ba. Isansi a cikin rampa yana da matsi wajen bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), ɗan yankan nan ya isa ya yi feshi a kan inji mai zafi. Daga nan sai wuta.

Gyaransa bai kai minti biyu ba. A shafa ɗan isansi ko mai marar kauri a juwan, ban da giris, a tura injekta cikin rampa ana juya ta hagu da dama. Bayan an zaunar da rampa, kafin a ɗaure bulon, a sake gwada kowace injekta da yatsu. Idan ta juya sumul, lafiya. Idan ta cije, juwan ya naɗe, a fitar a sa wani. Kuma robar famfon ruwa da ake saye a kasuwa ba ta wannan wuri ba ce, isansi yana kumbura ta.

Abin haushi, maigidan da ya hana kuɗin juwan huɗu shi ne zai fara ɗaga murya idan mota ta dawo tana warin isansi, laifin kuma ya faɗa kan aparanti. Wanda ya ce "mayar da tsohon, ba komai" ba ya tuna ya faɗa. Shi ya sa gara a ajiye tsohon juwan a nuna wa mai mota.

Gwajin yoyo ma akwai tarko a ciki. Wasu motoci da an kunna kwantak famfon isansi ke tashi na ɗan lokaci, amma tsofaffin Toyota sai inji na juyawa. A kansu ana haɗa ramukan waya biyu masu alamar FP da +B a akwatin gwaji don famfo ya tashi, a bar matsi ya hau, a bi kowace injekta da busasshiyar takarda. Wanda ya kunna kwantak kawai a irin wannan mota bai ga yoyo ba, bai gwada komai ba.

Sauran sanannu ne. Kafin kwancewa a cire fizibil ɗin famfo, a bar inji ya mutu da kansa, a cire wayar batir. Lokacin hunturu a toshe ramukan injekta da tsumma mai tsabta, ƙura ba ta jira. Bulon rampa a ɗaure su bi da bi, kada a manta zoben da ke ƙarƙashin rampa. Robar da ke ƙasan injekta idan tana shigar da iska, ralanti ne zai yi ta rawa. Injekta mai lafiya idan aka auna ta da mitar lantarki galibi tana ba da om 12 zuwa 16. Motar da ke shan isansin kwalba, a duba ƴar matatar da ke bakin injekta.

Rampar gazuwal ta Hilux wata magana ce dabam: matsinta yana iya wuce bar 1,000, ba a neman yoyo da hannu inji na aiki.