Ƙaramar gingimari daga garejin Katsina zuwa teburin ɗinki

Duk wanda ya zo wurina yana son koyon ƙera ƙananan motocin ɗaukar kaya, nakan ce masa ya fara nemo taya tukuna. Kan motar da bodinta hannunka ne zai yanka su yadda ka ga dama, amma taya tana da wuyar samu, kuma girmanta ne ke yanke girman duk sauran sassan. Tayar Marsandi 911 daga ƙasa zuwa sama ta ɗan haura mita 1. In ka samu ƙaramar taya mai tsayin santimita 5, to motarka kashi 1 ce cikin 20 na ta gaske, kuma daga nan ƙofa da gilashi da tankin mai, har ƙusar da ke jikin katako, sai an raba awonsu gida 20.

Sana'ata ɗinki ce a nan cikin birnin Katsina, wannan kuwa aikin dare ne bayan an rufe shago, in ban da gab da salla, lokacin da ko kallonsa ba na samun yi. Kusan kowane yaro a garin nan ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa ko ta gwangwani, ya ja ta da zare a lungu. Waccan da ido ake yin ta, kuma tana da daɗinta. Wannan da tef ɗin awo ake yi. Abin da ake nema shi ne direban da ya shekara talatin yana jan irin motar ya dube ta ya rasa inda zai ce ba haka take ba.

A ƙasashen waje abin ya daɗe da zama kasuwa. Kamfanin Italeri na Italiya da Revell suna sayar da motoci a kwali, gunduwa-gunduwa na roba, mutum ya manna ya yi fenti, yawanci a ma'aunin 1:24 ko 1:25. Akwai na ƙarfe da ake zubawa a 1:50, akwai 'yan mitsi-mitsi na 1:87 da ake jerawa a gefen ƙaramin layin dogo, sannan Tamiya na Japan yana yin manya a 1:14 masu tafiya da rimot. Na sha kallonsu a intanet, aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ko ka jure tsadar dala da kuɗin kawowa, abin da zai fito daga kwalin motar titin Turai ce ko ta Amurka, wadda ba ta taɓa ɗaukar buhun gero daga kasuwar ƙauye ba. Ni kuwa motar da ke ratsa hanyar Jibiya da ta Daura nake so. Tunda ba daga kwali nake ɗauko komai ba, sai na zaɓi 1:20, saboda lissafinsa ba ya bukatar na'ura: kowace mita santimita 5 ce. Mota mai tsawon mita 7 za ta fito santimita 35, ta zauna a kan kanta ba tare da ta cinye wuri ba.

Marsandi 911 ce ta fi kwanta mini a rai. Tana cikin jerin motocin nan masu gajeren hanci da Jamusawa suka fara yi a 1959, suka ci gaba da yi don kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990. Lambar da kanta bayani ce: 9 nauyinta ne da kaya, wato tan 9, 11 kuma ƙarfin inji ne, doki 110. A farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya fara harhaɗa motocin Marsandi a Inugu, a zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Amma abin da ke fitowa daga kamfani kai ne da shasi da inji. Bodin katakon da ke bayanta, da tsanin hawa, da rumfar da ke saman kai inda yaron mota ke ajiye tabarma, da fenti da rubutu, duk kafintocinmu da maƙeranmu da masu zanenmu ne suka yi su. Shi ya sa da wuya ka ga biyu iri ɗaya, shi ya sa kuma babu wani zanen awo da za ka sauke a waya. Sai ka taka ka je inda motar take.

A nan ne ake bukatar ladabi. Yadda sha'anin tsaro yake a jiharmu, ba wanda zai ga baƙo yana zagaya motarsa da waya yana ɗaukar hoto ya yi shiru, kuma yana da gaskiya. Nakan fara da shugabannin gareji, in gaishe su, in nuna musu wata da na gama, sannan su haɗa ni da mai mota. Haka aka haɗa ni da wani dattijon direba, ina isa na tarar yana zaune a inuwar motarsa yana gyaran wata igiya.

Na durƙusa na ce, "Baba, barkanku da hutawa. In kun yarda, ina so in auna motar nan taku."

Ya dubi tef ɗin da ke rataye a wuyana ya ce, "Mi za ka yi da awon mota, ɗana? Riga za ka ɗinka mata?"

Na buɗe jaka na miƙa masa ƙaramar tifa da na taho da ita. Ya daɗe yana juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya murza taya da babban yatsa. Sannan ya miƙe, shi da kansa ya riƙe mini bakin tef ɗin muka bi motar tun daga bamba har ƙofar baya. Tef ɗin tela santimita 150 ne kawai, saboda haka muna tafe ina sa alama da alli. Da muka zo kan tayoyin baya sai ya tsaya ya ce, "Ka rubuta wannan. In ba kaya, hannuna har gwiwa yana shiga tsakanin taya da bodi. In an loda ta, sai dai tafi." Ya nuna mini yadda falle-fallen sifirin ke miƙewa in nauyi ya hau, da inda ake rataye waigi, da jarkar ruwan lagireto, da butar alwala da aka ɗaure da tsohon tib. Ya nuna mini wani katako guda da launinsa ya bambanta, ya ce a hanyar Maraɗi na asalin ya karye.

Maganar nan ta tazarar taya da bodi ita ce ta fi komai amfani a cikin abin da na koya. Nauyi ba ya raguwa yadda tsawo ke raguwa. In ka raba tsawo da faɗi da tsayi kowanne gida 20, nauyi gida 8,000 yake rabuwa, wato motar tan 9 ta dawo kilo 1 da 'yan kai. Wannan ba zai danne sifirin ƙarfe ba. Saboda haka in mota mai kaya kake yi, tun a wajen ƙira za ka lanƙwasa sifirinta kamar an danne shi, ka saukar da bayanta kaɗan. In ba ka yi haka ba, ko ka cika ta da buhuna har sama, ido zai ga wofi ce. Siririn ƙarfen da ke cikin robar tsohuwar waifa shi nake yankawa in jera, dogo a sama gajere a ƙasa.

Yawancin kayan aikin ba saye ake yi ba. Jikin kai da bututun roba na ruwa nake yin sa, irin na masu aikin famfo. Mai inci 4, in ka tsaga shi a tsaye ka gasa shi nesa da garwashi har ya yi laushi, sai ka shimfiɗa shi tsakanin tayil biyu ka ɗora nauyi, ya ba ka falle mai faɗin da ya haura santimita 30. A fili ake wannan, kuma ba a bari ya kama wuta, don hayaƙinsa yana cutar da ƙirji. Hancin 911 ne wurin da ake shan wuya, domin babu miƙaƙƙen layi a jikinsa, ko'ina zagaye ne. Nakan sassaƙa siffarsa da guntun katako mai laushi, in goge da magagari da samfefa har sai yatsa ya bi ba tangarɗa, sannan in ɗumama fallen roba in kifa a kai, in danne da tsumma mai kauri ina bin kusurwoyi kafin ya huce. Daƙiƙoƙi kaɗan gare ka. In ya sandare bai kwanta ba, ka mayar da shi wuta. Madigadi ma haka, kowane gefe da sassaƙarsa.

Bodin katako ya fi sauƙi amma ya fi cin lokaci. Itacen nan da likita ke danne harshe da shi, ana samunsa a kemis, shi ya fi dacewa, sai dai faɗinsa a ma'auninmu ya yi wa falanki yawa, dole a tsaga shi biyu da reza. Kan allurar tela shi ne kan ƙusa. Inda aka samu giɓi, garin katako da ɗigon sufa gulu suna cike shi ya yi tauri nan take. Amma gilashi, wanda nake yankowa daga murfin gidan faifan CD, ba a kai sufa gulu kusa da shi, tururinsa yana mayar da shi fari. Farin gam na kafinta ake sa masa. Tamfol daga tsohuwar lema, igiya daga zaren ɗinkin takalmi. Buhuna kam a kan kekena nake ɗinka su, santimita 5 da 3, in cika su da yashi. Gero ya fi ba da siffa mai kyau, amma ɓera ba zai bar maka shi ba.

Taya, in ba a dace da ta motar wasan yara a kasuwa ba, sai a yanko da'ira daga robar da masu takalmi ke yin ƙasan takalmi da ita, a soke ta a bakin injin huda katako, a riƙa juyawa ana goga samfefa har ta daidaita, sannan a tsattsaga zanenta da reza ɗaya bayan ɗaya. Guda shida ake bukata, har da ta ajiya bakwai, kuma dole su zama tsayi ɗaya. Sifok ɗin keke shi ke riƙe su.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Lokacin hunturu ƙura ba ta barin ɗanyen fenti, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka fesa a cikin babban kwali, ka rufe shi nan da nan. Lokacin bazara, in zafi ya haura digiri 40, siririyar roba da aka bari kusa da rufin kwano ko a bakin taga takan karkace. Da damina katako kan kumbura, ƙofar bodin da ke buɗewa lafiya ta cije, don haka ake shafe shi ciki da waje kafin a haɗa.

Ban yarda da mota mai ƙyalli kamar yau aka sauke ta daga jirgi ba. Bayan fenti nakan niƙa jar ƙasa in shafa a ƙasan bodi da bayan taya, in ɗiga ruwan tsatsa, wanda ake samu in an jiƙa wayar wanke tukunya a ruwan gishiri, a inda ƙusa ta haɗu da katako. Matakin hawa kuwa sai a goge fentinsa a tsakiya, inda ƙafa ke taka.

Rubutun jiki da tsinken sakace nake yin sa. Ina kwafar furanni da zanen gefe yadda suke, amma ba na rubuta aya ko sunan Allah ko da akwai su a jikin motar gaske, domin ƙaramar mota tana iya faɗawa hannun yaro ta kwana a ƙasa. Karin magana nake sawa, irin su "Mahaƙurci mawadaci" ko "Duniya labari". Masu manyan motoci da ke sa ni in ƙera musu irin tasu don ajiyewa a ofis, nakan faɗa musu wannan tun kafin mu yi ciniki, kuma ba wanda ya taɓa ƙi.

Akwai masu ganin wannan wasan yara ne, bai kamaci magidanci ba. Ba na jayayya da su. Yaran unguwa da ke taruwa a ƙofar shago bayan la'asar nakan ba su rula da takardar awona, in ce su raba mini tsawon ƙofa gida 20. Wanda a aji yake gudun lissafi, a nan shi ke rige-rigen ba da amsa, domin yana son a ba shi reza ya yanka.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin motocin suna ƙarewa. DAF da Howo sun karɓe hanya, bodin ƙarfe ya maye gurbin na katako, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna bin gareji-gareji suna yanka duk wadda ta daɗe a kwance su auna a kilo. Yanzu in na ji labarin wata 911 ko tsohuwar Steyr a Mashi ko Dutsin-Ma ko Daura, nakan nemi rana in je in auna ta in ɗauki hotonta ta kowane gefe, ko da ba ni da niyyar ƙera ta bana. Wadda ke kan teburina a halin yanzu tankar mai ce mai lita 33,000. Tankinta ba zagayayye ba ne kamar bututu, ɗan shafaffe ne sama da ƙasa, don haka sai na sassaƙa masa itacen da zan zura a ciki in gasa shi a kai. Na sa wani kafinta a Ƙofar Ƙaura ya fere mini itacen, ranar Asabar zan je in karɓo.