Abin da tsara wa baƙi rangadin Antaliya ya koya mini

Wanda duk ya fara aikin shirya wa maziyarta tafiya a kudancin Turkiyya, tilas ya fara gane cewa birnin Antaliya daban, lardin Antaliya daban. Lardin ya miƙe a gaɓar Bahar Rum tun daga Kash a yamma har bayan Alanya a gabas. Baƙo kan dubi taswira ya ce yana son ganin Mira da safe, Alanya da la'asar. Ba za ta saɓu ba. Daga birni zuwa Demre, inda kufan Mira yake, wajen kilomita 140 ne a kan hanyar D400 mai yawan kwana a gindin duwatsu, Alanya kuwa wajen kilomita 135 take ta ɗaya ɓarin. Dabarar ita ce a raba lardin biyu: gabas a je a dawo, yamma kuwa a kwana can.

Sai rana. A watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, ga laimar teku da ke hana gumi bushewa. Mutanenmu kan ce ai mu 'yan rana ne, amma zafin Sakkwato busasshe ne, wannan kuwa jiƙa riga yake. Kufan Parge, wajen kilomita 18 gabas da birni, kusan babu inuwa a cikinsa. Doguwar hanya ce mai ginshiƙai hagu da dama, da magudanar ruwa a tsakiya, farin dutsen kuma maido wa mutum zafi yake a fuska. Don haka Parge ake farawa da zarar an buɗe ƙofa, a wuce kufan Asfendos kafin azahar, a bar kufan Side sai rana ta yi sanyi. Kowane mutum lita biyu na ruwa. Mai zaɓin lokaci ya zo a Afrilu, Mayu ko Oktoba.

Darasin da ya fi mini amfani kuwa na yadda ake ba da tarihin ne. Idan ka jera wa baƙi shekaru, ka ce Sarki Attalos na Biyu na Fargamon ya kafa birnin wajen shekara ta 150 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka gaje shi, Saljuƙawa, wato wata daular Turkawa Musulmi, suka ci shi a 1207, kafin ka kai ƙarshe rabin ayarin sun koma kan waya. Tambaya guda ce ke riƙe su: me ya sa wannan gini ya tsira, wancan ya rushe? Amsar galibi ita ce, wanda na baya suka ci gaba da amfani da shi ne ya tsira.

Dandalin wasan Asfendos, wanda magini Zenon ya tsara a zamanin Sarki Markus Aureliyus (161 zuwa 180), yana tsaye kusan cif saboda a ƙarni na 13 Saljuƙawa sun gyara shi sun zauna a ginin da ke bayan dandamalin. Ka tsayar da baƙi su ɗaga kai, za su hangi ragowar zanen jan fenti mai lanƙwashe-lanƙwashe a jikin shafen bangon. Aikin Saljuƙawa ne a kan ginin Rumawa. Haka ma Ƙofar Hadiriyan da ke cikin birnin Antaliya, da aka gina a shekara ta 130 domin zuwan Hadiriyan, sarkin Rumawa. Ganuwar gari ce ta lulluɓe ta tsawon ƙarnuka ta kare ta, kuma a ƙarƙashin bakanta har yau ana ganin kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a dutse. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Yibli Minare, hasumiyar jan bulo mai tsayin mita 38 ta zamanin Sultan Ala'uddin Kaikubad.

Wannan sultanin ne ya ci Alanya a 1221, ya gina Jar Hasumiya mai kusurwa takwas a 1226, da wurin ƙera jiragen ruwa mai zaure biyar a bakin teku. A wannan tashar Ibn Baɗuɗa ya sauka a farkon shekarun 1330, shi ne kuma ya ratsa Takedda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353. Baƙo Bahaushe in ya ji haka, kunnensa kan tashi.

Kufan Tarmesos ba na kowa ba ne, ko da yake a ganina ya fi su duka. Yana kan dutse, sama da mita 1,000, garin da Iskandar na Makidoniya ya zo kansa a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa ya wuce bai ci ba. Daga inda mota ke tsayawa hawa ne a kan tsakuwa mai santsi, kuma babu shago a sama. Dattijai da masu ciwon gwiwa a kai su magangarar ruwan Duden, inda kogi ke faɗawa teku daga saman gaɓa mai wajen mita 40.

Babbar bas ba ta shiga lungunan Kale'ici, tsohon gari, saboda haka a sauke mutane a Ƙofar Hadiriyan, a faɗa musu sarai inda za a haɗu. Iyalin da ba sa son giya a masauki, ko suke neman wurin iyo na mata zalla, a nema musu otal ɗin halal tun kafin su baro gida. Akwai su da dama a yankin Alanya, sai dai sukan cika da wuri lokacin hutun makarantu.