Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Allurar da Aka Surka da Ruwa

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu ɗaki a Bradford ta ƙasar Ingila, gida ɗaya da wani Bazazzagi da ya girme ni, wanda nake ce wa Yaya. Hunturun farko bai bar mu da wurin zuwa ba. In Asabar ta yi, sai shayi da talabijin, su kuwa Turawa a irin wannan rana tsofaffin finafinansu na baƙi da fari suke sakowa.

Ni ban damu da su ba. Ɗan sinimar Kano ne ni, in babu waƙa da dambe sai barci. Wata rana ina shirin komawa ɗaki Yaya ya ce, "Kai ɗalibin magani, zauna. Yau sana'arku za a nuna."

Fim ɗin shi ne The Third Man, na 1949, Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta labarin. A Biyenna, babban birnin ƙasar Ostiriya, aka ɗauke shi, lokacin birnin na hannun ƙasashe huɗu da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu: Ingila, Amurka, Faransa da Tarayyar Sobiyet. Kangayen da ake gani ba na ƙarya ba ne, ɓarnar bom ce ta gaske. Wani marubuci Ba'amurke ya zo wurin abokinsa Harry Lime, sai ya iske ana binne shi, wai mota ta kaɗe shi. An ce mutum biyu suka ɗauke shi daga titi, amma mai kula da gidan ya dage cewa su uku ya gani. Waye na ukun? Daga nan zare ya fara warwara, har aka gano Lime na nan da ransa, wani ma'aikacin asibiti ne kwance a kabarinsa.

Wasu kiɗan fim ɗin suke yabo, wasu farautar Lime da aka yi a magudanan ruwa na ƙarƙashin birni. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Lime fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ake sato masa daga asibitocin soja, ya surka da ruwa ya sayar da tsada. Har yara masu sanƙarau aka yi wa allurar. Da jami'in sojan Ingila ya kai marubucin nan ɗakin da suke kwance, ba a nuna fuskar yaro ko ɗaya ba, fuskar mai kallonsu kawai. Wanda ya tashi a garinmu ya san sanƙarau in zafi ya shigo, ba sai an nuna masa ba.

Kuma Orson Welles, ɗan wasan da ya taka rawar Lime, bai fito da shi a matsayin mugu mai jajayen idanu ba. Mai fara'a ne, mai daɗin hira, irin wanda za ka ba ajiya ka yi barci.

"Yaya, yanzu da gaske akwai mai yin wannan?"

Ya ce, "Ƙanena, gama karatunka ka koma gida ka buɗe shago, za su zo su same ka."

Sun kuwa zo. Ban daɗe da buɗe kemis ɗina ba wani mutum ya shigo da kwali a hammata, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar mahaifina da sunansa. Abin da ke cikin kwalin da yadda muka rabu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.