Ranar da na kwashe kifin

Asabar, 11 ga Janairu, 2025. Runjin Sambo, Sakkwato.

Ina dawowa daga masallacin asuba na kunna fitilar tankin gilashin da nake kiwon kifin teku a falo, ko rigar sanyi ban cire ba. Shuɗin kifin nan da masu sayarwa ke kira bulu tan ya sake fesowa da farin ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa masa gishiri. Ran Talata sun ɓace ƙaƙaf, har na ce wa uwargida an samu sauƙi. Ashe da sauran rina a kaba. Na yau sun ninka na farko, ga shi ya samu gefen dutse yana ta gurza jikinsa kamar akuya mai ƙazuwa. Ƙananan nan biyu masu ruwan lemo da farin zane, su ma na ƙirga ɗigo uku a wutsiyar ɗaya.

Ba sai an yi bincike ba, ni na jawo. Makonni uku da suka wuce aka aiko mini da shi daga Legas a cikin kula, mai sayarwa ya rantse ya maya cewa lafiyayye ne. Ƙa'ida ita ce a keɓe baƙon kifi a wani tanki na daban kamar wata guda kafin a haɗa shi da na gida. Na san da haka sarai. Ɗoki ne ya ɗebe ni, na juye shi kai tsaye.

Sunan ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans, kuma ɓacewar da ta yi ran Talata ita ce dabararta. Takan yi kwana uku zuwa bakwai a cikin fatar kifi tana ci, sai ta saki ta faɗi ƙasa, ta manne a yashi ko dutse, ta rufe kanta da ɓawo. A ciki take rarrabuwa zuwa ɗaruruwa. In ɓawon ya fashe, 'ya'yan su bazu cikin ruwa suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Wato lokacin da nake murna, ita tana ƙarƙashin yashi tana haihuwa. Kuma magani ba ya kama ta a cikin fata, ba ya kama ta a cikin ɓawo, sai a ɗan tsakanin nan da take iyo.

Da hantsi Inna ta leƙo falo da carbinta, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Wanga kihi mi ya same shi? Ƙyanda ta?"

Na ce, "Kusan haka ne, Inna."

"To, Allah shi ba shi lahiya. Mu dai kihin da muka sani na Kwalkwalawa, in ya yi ciwo tukunya aka kai shi."

Na yi dariya ba don ina so ba.

Shawara kuwa yau na sha ta. Yaya, da yake kiwon tarwada a bayan gidansa, ya ce a waya in zuba gishiri. Na ce, "Yaya, ai a cikin gishirin suke kwana." Shi gaskiyarsa ce a wurinsa: mai ɗigon da ke kama kifin ruwan daɗi wata ƙwaya ce daban, gishiri da ɗumama ruwa suna taimakawa a kanta. Wani abokina ya ce tafarnuwa. Tafarnuwa dai wataƙila ta sa kifi ya ci abinci, amma ba ta kashe komai. Maƙwabcina mai kemis ya kawo maganar kulorokwin, kuma bai yi ƙarya ba, masu kiwon kifin teku suna amfani da shi, maganin zazzaɓin nan da muka sha muna yara har jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Sai dai ba ni da abin auna shi a cikin ruwa, ba zan yi ta da ka ba.

Wanda aka fi sani shi ne maganin jan ƙarfe, amma ba a zuba shi a babban tanki. Zai kashe murjani, halittar tekun nan mai rai da ke manne a dutse, ya kashe jatan lande da dodon koɗi, duwatsun ma su shanye shi su riƙa fitarwa daga baya. Murjanin nan shekara biyu ina lallaɓa shi, da inbata da ƙanƙara a roba lokacin zafin Afrilu. Ba ni da maganin a hannu ma, kafin ya iso daga Legas an yi kwanaki.

Saura hanya ɗaya: a kwashe kifin duka, har masu lafiya, a rage musu gishirin ruwa. Kafin nan na haska su da tocila a duhu, don akwai wata cutar da ta fi wannan saurin kisa, mai kama da ƙurar zinariya, ita kuma rage gishiri ba ya yi mata komai. Ban ga ƙura ba, ɗigo ne rarrabe, kuma numfashinsu bai kai na haki ba. Alhamdu lillahi.

Kamun ne ya cinye mana wuni. Kifi biyar kacal, amma sai da muka fitar da kusan rabin duwatsun muka jera a baho, ni da ɗan Yaya, hannuwa sun yi sanyi ƙalau. Yaron yana riƙe da 'yar koma yana cewa, "Baba, ko Argungu ba a shan wagga wahala." Bulu tan ɗin ya shige wani rami ya kwanta a gefe ya ƙame, sai da na ɗaga dutsen da shi a ciki. Ya kuma yanke ni a yatsa da ƙayar nan ta gindin wutsiyarsa, siririn yanka kamar na reza.

Yanzu suna ɗakin baƙi, cikin tanki mara yashi, da hita da famfon iska da guntayen bututun roba na ɓuya. Ruwansu yana 1.025 a ma'aunin gishiri, zan sauke shi a hankali cikin kwana biyu zuwa 1.009, ya zauna a nan wajen wata guda. Ƙwayar ba ta jure wannan, kifi kuwa yana jurewa. Abin da ke ba ni tsoro hunturun nan ne. Iska a bushe take, ruwa yana ƙafewa da sauri, gishiri kuma ba ya bin sa, sai awo ya hau ba ka sani ba, aikin ya lalace. Na manna salatif a gilashin daidai bakin ruwan. Safe da yamma za a cika shi da tataccen ruwa mara gishiri, na kuma roƙi uwargida ta riƙa dubawa in ina wurin aiki. Ta ce ita dai kishiya da ƙaya ba ta taɓa jin labarinta ba, amma ta amsa.

Babban tankin kuma zai zauna ba kifi ko ɗaya kwana 76, domin akwai ɓawon da kan kai kwana 72 bai fashe ba. Na ƙirga a kalanda, ya faɗa 28 ga Maris, ƙarshen azumi ke nan, zafi ya riga ya shigo. Ko guga da koma ba za a haɗa tsakanin tankunan biyu ba, na sa wa na ɗakin baƙi jan ƙyalle.

Bayan isha'i Inna ta sake wucewa ta falo. Ta dubi gilashin, murjani yana ta kaɗawa shi kaɗai, ta ce, "Yanzu duwatsu ka ka kunna ma wuta?" Na ce e, Inna, har Sallah. Na leƙa ɗakin baƙi kafin in kwanta, masu ruwan lemon sun ci abinci, shuɗin yana cikin bututu bai fito ba.